Taɓin hankali: Ire-irensa, alamunsa da hanyoyin magance shi

Da zarar an ambaci taɓin hankali a ƙasar Hausa, abin da ke fara zuwa wa jama'a a rai shi ne mutumin da ke yawo a bakin kasuwa cikin tsumma, yana surutai shi kaɗai, yara na binsa da jifa.

To amma likitoci sun ce irin waɗannan kaso ne ƙalilan daga cikin masu larurar. Mafi yawansu suna nan cikin iyalansu, suna zuwa gona da kasuwa da ofis da masallaci, ba tare da an san halin da suke ciki ba. Wasu ma su kansu ba su san cewa abin da ke damunsu ciwo ne mai suna da magani ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 970 ne ke fama da wani nau'i na larurar ƙwaƙwalwa, wato mutum ɗaya cikin kowane takwas. A shekarar 2025 hukumar ta ce adadin ya zarce biliyan ɗaya.

Mene ne taɓin hankali?

Ba ciwo ɗaya ba ne. Tarin larurori ne daban-daban da ke taɓa abubuwa uku a rayuwar ɗan Adam: yanayin zuciyarsa, da tunaninsa, da kuma ɗabi'unsa.

Kowa yana baƙin ciki idan ya yi rashi, kowa yana fargaba idan bashi ya yi masa katutu. Wannan ba ciwo ba ne. Likitoci na kiran abu larura ne idan ya daɗe, ya yi tsanani fiye da dalilinsa, sannan ya hana mutum gudanar da sana'arsa ko karatunsa ko zaman lafiya da iyalinsa.

Haka kuma ana bambanta shi da farfaɗiya, wadda ciwo ce ta jijiyoyin ƙwaƙwalwa, da kuma ƙarancin basira da ake haifar wasu yara da shi, ko da yake jama'a kan haɗa su duka a kira su da suna ɗaya.

Abin da mutanen Karfi suka ce

A shekarar 2004 wasu likitoci huɗu, Mohammed Kabir da Zubairu Iliyasu da Isa Abubakar da Muktar Aliyu, suka wallafa sakamakon wani bincike da suka gudanar a garin Karfi da ke ƙaramar hukumar Kura a jihar Kano, inda suka yi wa magidanta da matasa 250 tambayoyi.

Da aka tambaye su alamun taɓin hankali, kimanin kashi 22 cikin 100 na amsoshin sun ambaci faɗa da ɓarnata kaya, kashi 21 yawan surutu, kashi 16 baƙin ɗabi'u, kashi 13 kuma yawo barkatai.

Game da musabbabi, kimanin kashi 34 sun ɗora laifin a kan shaye-shaye, kusan kashi 19 suka ce ƙaddara ce ko fushin Ubangiji, kashi 18 kuma suka ce sihiri ne ko shafar aljanu. Kashi 46 sun ce asibiti ya kamata a nufa, yayin da kashi 34 suka fi amincewa da maganin malamai.

Abin lura a nan shi ne, alamun da suka fi yawa a bakin jama'a duk masu hayaniya ne. Wanda ya yi shiru, ya daina cin abinci, ya daina barci, ya ƙaurace wa mutane, ba a cika sa shi cikin lissafi ba, alhali irinsa ne suka fi yawa.

Larurorin da ke taɓa yanayin zuciya

Babba a cikinsu shi ne ciwon damuwa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya shafi mutum miliyan 280 a shekarar 2019.

Mai wannan ciwo yakan wuni cikin ƙunci kusan kullum, na tsawon mako biyu ko fiye. Abubuwan da a da suke faranta masa rai sai su fita daga ransa. Barci ya ƙaurace masa, ko ya farka tun kafin asuba ya kasa komawa. Yakan ji kasala, ya rame, ya dinga ganin kansa a matsayin wanda ba shi da amfani, har ta kai ga yana fatan mutuwa.

Da wuya mai wannan ciwo ya je asibiti ya ce yana baƙin ciki. Abin da ya fi faɗa shi ne kansa na zafi, ko ƙirjinsa ya yi nauyi, ko wani abu na yi masa yawo a jiki. Shi ya sa da yawa ake ta ba su maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifot, ciwo kuwa yana nan.

Akwai kuma ciwon fargaba, wanda ya shafi mutum miliyan 301 a wannan shekara. Mai shi ba ya rabuwa da zullumi da faɗuwar gaba. Wani lokaci tsoro ya taso masa farat ɗaya, zuciya na bugawa, gumi na zuba, numfashi na sarƙewa, har ya ɗauka ajalinsa ne ya zo.

Na uku shi ne ciwon da ke jefa mutum tsakanin hali biyu masu karo da juna, wanda ya shafi kimanin mutum miliyan 40. Yau mutum yana cikin matsananciyar damuwa, bayan wasu makonni ko watanni kuma sai ya koma mai kuzari fiye da kima: ba ya barci, ba ya gajiya, yana magana ba ƙaƙƙautawa, yana rabar da dukiyarsa, yana jin ya fi kowa. Tsakanin waɗannan lokuta yakan koma garau.

Mata masu juna biyu da masu jego suna cikin haɗari na musamman. Alƙaluman hukumar sun nuna cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar na fama da larurar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, galibi ciwon damuwa. Ɗaya ko biyu cikin 1,000 kuma hankalinsu kan gushe gaba ɗaya a makonnin farko na jego, lamarin da ke buƙatar a garzaya asibiti domin tsare ran uwa da na jariri.

Larurorin da ke taɓa tunani

Wadda aka fi sani ita ce wadda likitoci ke kira sikizofireniya, kuma ita ce mafi kusa da abin da Bahaushe ke kira hauka. Tana shafar kimanin mutum miliyan 24 a duniya, wato ɗaya cikin 300, kuma takan fara ne daga ƙarshen ƙuruciya zuwa shekara ashirin da wani abu.

Mai ita yakan ji muryoyin da babu mai jin su sai shi, wani lokaci suna zaginsa ko suna ba shi umarni. Yakan yi imani da abin da ba shi da tushe, misali cewa ana zuba masa guba a abinci, ko rediyo da shi yake magana, kuma babu hujjar da za ta raba shi da wannan tunani. Zancensa kan warwatse, ya kama nan ya saki can.

Sau da yawa ciwon na farawa a hankali. Ɗalibi mai hazaƙa ya fara faɗuwa a jarrabawa, ya daina wanka, ya kulle kansa a ɗaki. Iyaye kan ɗauka taurin kai ne ko lalaci, har a yi watanni kafin a gane.

Akwai kuma ciwon waswasi, inda wani tunani ke maimaita kansa a zuciyar mutum ba da son ransa ba, ya tilasta masa maimaita wani aiki. Za a ga mutum ya yi alwala sau goma bai gamsu ba, ko ya yi ta sake kabbarar harama har liman ya yi sallama, ko ya tashi sau da yawa cikin dare yana duba ko an rufe ƙofa.

Waɗanda suka ga tashin hankali, kamar harin 'yan bindiga ko garkuwa ko fyaɗe ko mummunan haɗarin mota, abin kan yi ta dawo musu a mafarki da a farke, su zama masu saurin firgita. Wani nazari na Hukumar Lafiya ta Duniya da aka wallafa a 2019 ya nuna cewa mutum ɗaya cikin biyar a yankunan da ake rikici na fama da larurar ƙwaƙwalwa. Wannan ya shafi jihohi irin su Borno da Zamfara da Katsina kai tsaye.

A wajen dattawa kuwa akwai ciwon mantuwa, wanda ake kira gigin tsufa. Tsoho ya manta sunan 'ya'yansa, ya ɓata a unguwar da aka haife shi. Ba kowane tsufa ne ke zuwa da wannan ba, ciwo ne da ke cinye ƙwayoyin ƙwaƙwalwa.

Yadda ɗabi'a ke sauyawa

Sauyin ɗabi'a shi ne abin da iyali ke iya gani da ido. Mai fara'a ya koma miskili, mai haƙuri ya koma mai saurin fushi, mai tsafta ya koma ƙazami, mai himma ya daina fita nema.

Sai dai saɓanin abin da aka ɗauka, mafi yawan masu larurar ba sa cutar da kowa. Su ne ma aka fi cutarwa, ta hanyar duka da tsangwama da cin zarafi. Haɗarin da ya fi girma shi ne su cutar da kansu: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum 727,000 ne suka kashe kansu a shekarar 2021.

Me ke jawo shi?

Masana sun ce ba dalili ɗaya ba ne, haɗuwar dalilai ce.

Akwai gado, amma ba dole ba ne. Idan ɗaya daga cikin iyaye na da sikizofireniya, kimanin ɗa ɗaya cikin goma ne ke iya kamuwa, tara kuma su tsira. Ko tagwaye masu kama ɗaya, idan ɗaya ya kamu, kusan rabin lokuta ɗayan na nan lafiya lau.

Akwai matsalolin rayuwa: talauci, rashin aikin yi, mutuwar aure, rasuwar makusanci, duka da wulaƙanci a lokacin yarinta.

Akwai cututtukan jiki da kan taɓa ƙwaƙwalwa, kamar sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro idan ya hau kai, da taifot, da shanyewar ɓarin jiki, da buguwa a ka sakamakon haɗarin babur. Don haka duk wanda hankalinsa ya gushe farat ɗaya tare da zazzaɓi, asibiti mafi kusa ya kamata a kai shi nan take.

Sai kuma shaye-shaye. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da hukumomin Nijeriya ya nuna cewa a 2018 mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwayoyi a ƙasar, sama da miliyan ɗaya daga cikinsu a jihar Kano. A watan Mayun wannan shekarar ce gwamnatin tarayya ta haramta sarrafawa da shigo da maganin tari mai sinadarin kodin.

Tabar wiwi na iya tayar da ciwon ga wanda dama yake da rauni, musamman idan ya fara sha tun yana yaro. To amma akwai waɗanda ciwon ne ya riga zuwa, suka faɗa shaye-shaye don neman barci ko sauƙin ƙunci. Akwai kuma dubbai da ba su taɓa shan komai ba. Zargin kowane mara lafiya da shaye-shaye zalunci ne, kuma yana sa iyalai ɓoye nasu.

Malami ko likita?

A galibin gidaje, wurin malami ake fara zuwa domin ruƙiyya da rubutu da tofi, wasu kuma su nufi bokaye ko 'yan bori. Asibiti kan zo daga baya, bayan an sayar da akuya ko hatsi, ciwo kuma ya yi nisa.

Likitoci ba su ce a bar addu'a ba. Abin da suke gargaɗi a kai shi ne jinkiri, domin bincike ya nuna cewa gwargwadon daɗewar ciwo irin sikizofireniya ba tare da magani ba, gwargwadon wahalar shawo kansa.

Kallon taɓin hankali a matsayin ciwo ba baƙon abu ba ne a tarihin Musulunci. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya rubuta littafin Masalih al-Abdan wa al-Anfus, inda ya yi bayani kan baƙin ciki da tsoro da fushi da waswasi, ya kuma bambanta baƙin cikin da ke da dalili da wanda ke tasowa daga jiki. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 yana da sashe na masu taɓin hankali. Shari'a ma ta ɗauke wa wanda hankalinsa ya gushe nauyin ibada da hukunci har sai ya dawo hayyacinsa.

A Nijeriya, Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya nuna cewa ɓangarorin biyu na iya aiki tare. A shekarar 1954 ya fara wani tsari a Aro kusa da Abeokuta, inda marasa lafiya ke sauka a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan uwansu, suna zuwa asibiti da rana, kuma ya jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. Daga baya ya zama mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya.

Mari da turu

Inda iyali suka rasa yadda za su yi, sau da yawa ƙarshen lamarin shi ne a kulle mara lafiya a ɗaki, ko a sa shi a turu, ko a kai shi gidan mari.

A watan Satumban 2019 'yan sanda suka kuɓutar da mutum fiye da 300 daga wani gida a unguwar Rigasa da ke Kaduna, da dama daga cikinsu da sarƙa a ƙafa. A watan Oktoba aka gano makamancinsa a Daura. Wasu an kai su ne saboda shaye-shaye ko gagara, wasu kuma saboda larurar ƙwaƙwalwa.

A watan Nuwamban wannan shekarar ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan wurare 28 da ta ziyarta a sassan Nijeriya, inda ta ce ta tarar da ɗaure mutane a mafi yawansu. Wuraren sun haɗa da na gwamnati, da na masu maganin gargajiya, da na Musulmi da na Kirista.

Duka da ɗauri da horon yunwa ba sa warkar da komai. Abin da suke bari shi ne gyambo a ƙafa da ƙarin tsoro a zuciya.

Daga Balan zuwa Dawanau

Ba rashin sani kaɗai ne ke hana zuwa asibiti ba. Akwai nisa da tsada.

A jihar Kano, manyan wuraren da ake samun ƙwararru su ne asibitin masu taɓin hankali na Dawanau da ke kan hanyar Katsina, da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A sauran Arewa akwai asibitocin tarayya a Barnawa da ke Kaduna, da Kware a jihar Sakkwato, da kuma Maiduguri.

Magidancin da ke Balan a ƙaramar hukumar Gaya, ko wani ƙauye a Ajingi, sai ya fito Gaya, ya bi ta Wudil, ya yi tafiyar sama da kilomita 60 zuwa birnin Kano. Idan Dawanau ya nufa, sai ya ratsa birnin zuwa ɗaya gefen. Ga kuɗin motar mutum biyu ko uku, domin mara lafiya ba ya tafiya shi kaɗai, ga kuɗin magani, ga aikin gona da aka bari. Kuma ba zuwa ɗaya ba ne, sai an riƙa komawa.

A nan ne da yawa ke yankewa. Da an ga sauƙi sai a daina komawa, magani ya ƙare, ciwo ya dawo, sai a yanke hukuncin cewa dama ba na asibiti ba ne.

Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Nijeriya ta sha kokawa cewa mambobinta da ke aiki a ƙasar ba su kai 300 ba, ga al'ummar da ta haura miliyan 200, kuma galibinsu a manyan birane suke.

Wani bincike da Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranta a jihohin Yarabawa, wanda aka wallafa a 2006, ya gano cewa kashi 12 cikin 100 na manya sun taɓa fama da larurar a rayuwarsu, amma kimanin kashi 8 cikin 100 ne kacal na waɗanda tasu ta yi tsanani suka sami magani a shekarar da ta gabaci binciken.

Tun a 1991 Nijeriya ta amince da manufar sanya lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan asibitocin sha-ka-tafi. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da wani shiri na horar da ma'aikatan jinya da ƙananan jami'an lafiya su iya gane larurorin da aka fi samu, su fara ba da magani, su tura masu tsanani gaba. Masana na ganin wannan ce hanyar da za ta kawo magani kusa da mutanen karkara.

Ana warkewa?

Ana warkewa. Tun bayan da aka gano amfanin sinadarin lithium a Ostireliya a 1949, da maganin chlorpromazine a Faransa a 1952, aka daina ɗaukar taɓin hankali a matsayin ɗaurin rai da rai.

Ciwon damuwa da na fargaba suna jin magani da kuma zaman tattaunawa da ƙwararre. Game da sikizofireniya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla mutum ɗaya cikin uku na samun cikakken sauƙi. Wasu kuma kan rayu da ita kamar yadda ake rayuwa da hawan jini ko ciwon sukari, suna shan magani, suna aure, suna sana'a.

Maganin damuwa kan ɗauki mako biyu zuwa huɗu ko fiye kafin a ga aikinsa. Wasu magungunan na kawo barci ko sandarewar jiki ko rawar hannu, kuma likita na iya rage su ko ya canza su. Ga wanda shan ƙwaya kullum ke yi wa wuya, akwai allurar da ake yi bayan 'yan makonni. Babban kuskure shi ne dakatar da magani ba da izinin likita ba.

Me doka ta ce?

Shekaru da dama Nijeriya na amfani da dokar mahaukata ta 1958, wadda ta samo asali daga ta Turawan mulkin mallaka ta 1916, kuma ta fi mayar da hankali kan tsare mara lafiya maimakon yi masa magani.

A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa. Dokar ta tanadi sashe na musamman a ma'aikatar lafiya ta tarayya da asusun tallafa wa fannin, ta kuma tabbatar wa mara lafiya haƙƙin samun magani da kariya daga wariya da azabtarwa.

Abin da iyali za su yi

Likitoci na ba da shawarar a nemi taimako idan aka ga mutum ya yi kwanaki ba ya barci, ko ya ƙaurace wa mutane, ko ya daina kula da jikinsa, ko yana jin muryoyi, ko yana zargin kowa, ko mai jego ta juya wa jaririnta baya.

Idan kuwa ya fara maganar kashe kansa, kada a ɗauke ta wasa, kada kuma a tsaya ga faɗa da wa'azi kawai. A zauna da shi, a saurare shi, a kawar da maganin ƙwari da na ɓera da igiya da makami daga inda yake, kada a bar shi shi kaɗai, sannan a kai shi asibiti a ranar.

Ba sai an isa Kano za a fara ba. Babban asibitin Gaya ko asibitin sha-ka-tafi mafi kusa na iya duba ko akwai ciwon jiki a tattare da lamarin, su kuma rubuta takardar tura mara lafiya gaba.

Tsoron abin da mutane za su ce, musamman kada a ƙi auren 'ya'yan gidan, shi ke sa iyalai da dama ɓoye mara lafiyarsu shekara da shekaru. Sai dai ciwon da aka kai asibiti da wuri ya fi saurin lafawa, kuma mai shi ya fi samun damar komawa gonarsa ko makarantarsa ko ɗakin aurensa.